Yadda Ake Gano Matsalar Wuta da ta Hoto a Tsohuwar Talabijin Mai Ƙusumbi

Kuskuren da ya fi kashe tsofaffin talabijin masu kwalba, wato masu babbar kwalbar gilashi da hoto ke fitowa a fuskarta, shi ne gaggawa. Mutum ya ga hoto ya tsuke ko ya dusashe, sai ya hau murɗa duk abin da ke murɗuwa a bayan akwatin, ko ya cire tiransistar da ta ƙone ya sa sabuwa, ita ma ta ƙone cikin daƙiƙa biyar. Galibin abin da ido ke gani a fuskar talabijin daga sashen wuta yake farowa. Don haka tsarin aikin ɗaya ne: a tabbatar wuta ta daidaita, sannan a duba sashen da ke shimfiɗa haske a fuska, daga ƙarshe a zo kan hoto da launi.

Iri biyu za mu duba. Akwai tsofaffin na shekarun 1950 da 1960 masu aiki da ƙananan kwalabe masu yin ja a ciki idan an kunna, waɗanda masu gyara ke kira bawul. Akwai kuma na baya masu tiransista da IC, waɗanda babbar kwalbar hoto kaɗai ta rage musu. Hanyar tunani ɗaya ce, kayan ne suka bambanta.

Kafin hannu ya shiga ciki

Wurare uku ne ke da haɗari. Na farko, gefen babbar kwalba inda jar waya mai kauri ta liƙe da hular roba. A talabijin mara launi wutar wurin tana kai volt 12,000 zuwa 18,000, a mai launi kuwa 25,000 zuwa 30,000. Kwalbar da kanta kafasita ce, tana riƙe caji kwanaki bayan an zare filogi. Na biyu, babbar kafasitar sashen wuta, mai ɗauke da kimanin volt 300 zuwa 330 inda wutar gida take 220 zuwa 240, ko wajen 160 inda take 110 zuwa 120. Wannan ta fi waccan saurin kisa, domin ƙarfin da ke bayanta ya fi yawa. Na uku, shasin kansa, wato ƙarfen da aka ɗora kayan ciki a kansa. Da yawa daga cikin masu bawul ba su da taransifomar da ke raba su da wutar bango, ƙarfen shasin a haɗe yake kai tsaye da ɗaya daga cikin wayoyin filogi. Irin waɗannan ba a aiki a kansu a kunne sai ta taransifoma mai raba wuta.

Ga yadda ake sauke cajin babbar kwalba:

1. Zare filogi daga bango. Kashe makunni kaɗai bai isa ba.
2. Ɗauki waya mai maƙali, ka maƙala baki ɗaya a igiyar ƙarfe ko sifirin da ya ratsa baƙin fentin bayan kwalbar. Ɗaya bakin ka haɗa shi da ƙarfen sukundireba mai faɗin baki da kyakkyawan mariƙin roba. Ka sa rezista guda huɗu ko biyar a jere tsakani, jimillarsu wajen megaom 1, saboda rezista ɗaya ba ta jure irin wannan wuta.
3. Hannu ɗaya a aljihu ko a bayanka, ka zura bakin sukundireban ƙarƙashin hular har ya taɓa ƙarfen ciki. Riƙe shi daƙiƙa goma.
4. Jira minti biyu ka sake, domin gilashin yakan maido da ɗan caji bayan saukewar farko.

Babbar kafasita kuma, ɗora mata rezista mai kilo-om 10, wat 5, na daƙiƙa goma sha biyar, sannan ka auna da mita ka ga ta sauka ƙasa da volt 10. Kada a haɗa ƙafafunta da sukundireba, tartsatsin yana cin layin fanel, wato allon da aka jera kayan a kansa. Sai wuyan kwalba: nan ne gilashi ya fi siranta, ciki kuma babu iska. Kada a ɗaga talabijin da shi, kada a jingina komai a kansa, a kuma sa tabarau na kariya.

Ido da hanci kafin mita

Share ƙura da busasshen buroshi, ka haska fitila ka bi fanel sama da ƙasa. Nemi kafasitar da kanta ya kumbura ko ta zubar da ruwa, rezistar da ta yi baƙi, da tsagewa a jikin filaibak, wato taransifomar da jar wayar nan ta fito daga cikinta. A ƙasan fanel, duba ƙafafun duk abin da ke zafi ko ke da nauyi: filaibak, IC mai jingine da ƙarfen sanyaya, manyan rezista, soket ɗin wayoyin yok, wato naɗin wayar da ke kewaye da wuyan kwalba. Siririn zobe a kewayen ƙafa alama ce dalma ta tsage. Talabijin da ke gyaruwa idan an mare ta a gefe, kusan kullum ciwonta ke nan.

A masu bawul, bawul ɗin da ƙyallin azurfar cikinsa ya koma fari kamar alli ya sha iska, ya mutu. Kafasitocin takarda masu rufin kakin zuma kuwa, bayan shekara hamsin ko sittin kusan duk suna yoyon wuta ko da sun yi kyau a ido. Wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai na nufin rektifayar seleniyam, mai faranti jere kamar haƙarƙari, ta ƙone. Hayaƙinta guba ne, a buɗe taga a fita.

Ƙwan fitila a jere: kayan aikin da ya fi kowane amfani

Talabijin da ta daɗe a ajiye ba a cusa ta a bango kai tsaye. Yanke waya ɗaya ta igiyar ƙarin wuta, ka saka mazaunin ƙwai a tsakani, yadda duk wutar da za ta shiga talabijin sai ta bi ta cikin ƙwan. Dole ƙwan ya zama tsohon yayi mai zare a ciki. Na LED ba ya wannan aiki. Wat 60 zuwa 100 ya isa mai tiransista. Mai bawul tana jan wuta da yawa, tana bukatar wat 150 zuwa 200, in ba haka ba ƙwan zai yi haske ko da lafiyarta ƙalau.

A mai launi, fara zare soket ɗin wayar da ta zagaye bayan kwalba, mai goge maganaɗisu, domin tana fizgar wuta sosai a daƙiƙar farko, za ta ruɗe ka. Sai ka kunna. Ƙwai ya yi walƙiya ya dusashe: kafasita ta cika, babu shot, wato wuta ba ta sami gajeriyar hanyar zurarewa ba. Ya tsaya da cikakken haske: akwai shot, kashe nan take. Bai ko motsa ba: hanyar wuta a yanke take, duba igiya, makunni, fis da rezistar farko. Ya riƙa haske yana dusashewa a kai a kai: sashen wuta na ƙoƙarin tashi, wani abu a gaba na danne shi.

Sashen wuta a mai tiransista

Fis da zarensa ya tsinke kawai, gilashinsa garau, wataƙila tsufa ne. Wanda ya yi baƙi ƙirin a ciki, shot ne ya kashe shi, kuma sabon fis ba zai warkar da komai ba. Waɗanda ake zargi huɗu ne: dayod ɗin gada guda huɗu, babbar kafasita, tiransista ko IC mai sara wuta, da PTC, ɗan akwatin nan mai ƙafa biyu ko uku da ke ciyar da wayar goge maganaɗisu. Cire PTC ka girgiza shi kusa da kunne. In ya yi kacau-kacau, ya farfashe a ciki.

In fis lafiya, auna wutar babbar kafasita. A nan akwai tarko: fanel ɗin yana da ƙasa, wato layin da ake auna wuta daga kansa, iri biyu, ta ɓangaren wutar bango da ta sauran talabijin, kuma galibi akwai farin layi da ya raba su. Baƙar wayar mita tana kan ƙafar kafasitar mai alamar ragi idan kana ɓangaren farko, tana kan ƙarfen tuna, akwatin da eriya ke shiga, idan kana ɓangare na biyu. Wanda ya gauraya su zai karanta lambobin da ba su da ma'ana.

Akwai volt 300 amma komai shiru? Nemi rezistocin tayarwa, masu kilo-om 100 zuwa 470, da suka taso daga layin 300 zuwa ga mai sara wuta. Sukan yanke ba tare da wata alamar ƙuna ba, sai an ɗaga ƙafa ɗaya an auna. A irin wannan yanayi kafasitar takan zauna a cike na tsawon lokaci, tunda babu mai jan cajinta, a kula.

Yanzu sai babban layi, wanda ake rubuta wa B+ a fanel. Yawanci volt 110 zuwa 135 ne, gwargwadon girman kwalba, kuma sau da yawa an rubuta adadin kusa da ƙafar filaibak. In talabijin na yin tik-tik-tik ko siririn kuka, B+ kuma na ƙasa ƙwarai, raba gardama haka: ɗaga rezista ko wayar da ke kai B+ zuwa filaibak, ka ɗora ƙwan wat 60 a kan kafasitar B+ a madadin kaya, ka kunna. In adadin ya fito daidai ya tsaya, sashen wuta lafiya, laifin yana sashen layi, mai shimfiɗa haske daga hagu zuwa dama. In ya yi ƙasa ko yana rawa, duba dayod ɗin B+ da kafasitarsa, mai µF 100 da volt 160 a yawancin samfura. In ya haura, misali 150 ko 160 a inda ake son 115, to sashen da ke sa ido kan wuta ya lalace. Sauya ƙananan kafasitocin ɓangaren farko, masu µF 47 ko 100, domin zafi na busar da su. Duba kayan sa idon, PC817 da TL431, ko ɗan IC irin SE110 ko SE135, wanda lambarsa ke faɗin adadin da aka nufa. Ka tuna wasu samfura na sauke B+ da gangan idan suna jiran rimot, sai an tashe su kafin a yarda da awon.

Tiransistar layi: me ya kashe ta?

Ita ce babbar tiransistar da ke kusa da filaibak, irin BU508 ko 2SD1555. Ƙafafunta uku ne: bes, kalekta da emita. In mita ta nuna kusan sifili tsakanin kalekta da emita ta kowane ɓangare, ta mutu. Amma kada a ruɗu: masu dayod a ciki, kamar 2SD1555, suna nuna 'yan om kaɗan, wajen 40, tsakanin bes da emita, suna kuma karanta dayod ta ɓangare ɗaya tsakanin kalekta da emita. Haka aka ƙera su.

Wannan tiransista ba ta cika mutuwa haka kawai ba, kuma nan ne mai gyara na gaske yake bambanta da mai sauya kaya. Kafin a sa sabuwa, a bincika abu huɗu. B+ ya haura? Dalmar ƙaramar taransifomar da ke tura bes ta tsage? In turawar ta raunana, tiransistar ba ta buɗewa sosai, sai ta dafu da zafi cikin mintuna. Kafasitar da ke tsakanin kalekta da ƙasa, mai wajen nF 7 zuwa 12 da volt 1,600 ko 2,000, ta ragu ko ƙafarta ta saki? In haka ne, bugun wuta na tashi fiye da kima ya huda tiransistar nan take. Wannan kafasita ba a musanya ta da wadda ba irinta ba, domin ita ke tsare babbar wutar jar waya daga wuce iyaka. Na huɗu, filaibak ɗin kansa ya yi shot a ciki: alamunsa kumburi, tsagewa, ko B+ ya faɗi ƙwai ya haska da zarar an maida haɗinsa alhali tiransistar sabuwa ce. Bayan gyara, a shafa man sanyaya, a kunna ta ƙwan fitila minti ɗaya, a kashe, a taɓa ƙarfen sanyaya. Ɗumi ba laifi, zafin da yatsa ba ya jurewa na nufin sanadin yana nan. Kada a ɗora mita a kan kalekta talabijin na aiki, bugun wurin ya haura volt 1,000.

Sashen wuta a mai bawul

A yawancin samfuran Turai, zaren ɗumama kusan dukkan bawul a jere yake kamar carbi, miliamfiya 300 ke bi ta cikinsu. Galibinsu bawul ne masu suna da harafin P a farko: PL504, PY88, PCL85 da sauransu. Ɗaya ya tsinke, duka sun mutu. In babu bawul ko ɗaya da ya yi ja, zare filogi, ka bi su ɗaya bayan ɗaya da mita. A masu ƙafa tara, galibi ƙafa ta 4 da ta 5 ne zaren. Duba kuma doguwar rezistar rage wuta mai rassa, da tamistar da ke jere da zaren. Samfuran Amurka masu taransifoma suna ciyar da yawancin bawul volt 6.3, kowanne a gefe guda, don haka wanda ya mutu shi kaɗai zai yi duhu.

Babban layi a nan yakan kasance volt 200 zuwa 250. Manyan kafasitocin gwangwani a sauya su da masu µF kusa da na asali, volt daidai ko sama. Inda rektifaya bawul ce, kada a ƙara girman kafasitar farko, fizgar cika ta na gajiyar da bawul ɗin. In an maye seleniyam da 1N4007, wuta za ta ɗan haura, domin dayod ɗin silikon ba ya cin komai sosai. Sa rezista mai wat 10 a jere, fara da wajen om 47, ka ƙara ko ka rage har adadin ya yi daidai da na zanen talabijin.

Idan farantin cikin PL504 ya fara yin ja kamar garwashi, kashe nan take. Ma'anarsa bugun da ke tura shi bai iso ba, ko kafasitar da ke kawo bugun tana yoyo. A lafiyayye, girid ɗin farko, ƙafar da bugun ke shiga, na nuna wajen volt 40 zuwa 60 ƙasa da sifili. Hular saman wannan bawul da ta PY88 ba wurin mita ba ne.

Karanta fuskar talabijin

Da farko a tabbatar akwai abin kallo. Ƙasashe da yawa sun daina watsa shiri ta tsohuwar hanya, saboda haka yayyafin fari da baƙi da shuu a lasifika ba lallai ciwo ba ne. Hasali ma albishir ne: wuta, layi da kwalba duk suna aiki. Ba ta hoto ta ramin AV, ko ta na'urar da ke maida AV siginar eriya.

Sauti akwai, fuska duhu. Leƙa wuyan kwalba, zare ya yi ja? Kusantar da bayan hannu ga gilashin gaba lokacin kunnawa, gashi ya miƙe? In duka biyun babu, sashen layi bai tashi ba. In gashi ya miƙe amma zare bai yi ja ba, duba ƙaramar rezistar zaren da dalmar soket. Zaren volt 6.3 yake so, amma inda filaibak ke ciyar da shi, mita ta gama-gari za ta nuna ƙasa da haka, kada a ƙara masa wuta saboda wannan awon. In duka biyun akwai, yi alama da biro a maɓallin SCREEN na jikin filaibak, ka ɗan murɗa shi sama. Layi ɗaya a kwance ya bayyana: sashen tsaye, mai shimfiɗa haske daga sama zuwa ƙasa, ya mutu, talabijin ce ta rufe hoton don kare kwalba. Fuska ta cika da haske: matsalar tana sashen hoto. Maida maɓallin kan alamarsa.

Farin layi ɗaya a kwance. Rage haske nan da nan, in ba haka ba zai ƙona fuskar ya bar tabo har abada. A mai IC irin LA7830, AN5521 ko TDA8172, sabunta dalmar ƙafafunsa tukuna, sannan ka auna wutarsa, wajen volt 24 zuwa 27 a yawancinsu, wadda ke zuwa daga filaibak ta dayod da ƙaramar rezista mai aikin fis. Rezistar ta yanke, galibi IC ɗin ne ya yi shot. A mai bawul, PCL85 da kafasitocin kewayensa. In kuma hoton ya naɗe daga sama da 'yan fararen layuka, kafasita mai µF 100 da volt 35 da ke gefen IC ɗin ce ta bushe. Layi ɗaya a tsaye ya fi wuyar gani, kuma kusan kullum dalmar soket ɗin yok ce ta ƙone ko kafasitar da ke jere da yok ta yanke.

Hoto ya tsuke ta kowane gefe: B+ ya yi ƙasa, koma sashen wuta. Baƙin gammo mai faɗi na tafiya a hankali sama ko ƙasa, gefen hoto na lanƙwasa, lasifika na gurnani: kafasitar tace wuta ta bushe. A mai bawul, gammo ɗaya na iya zama yoyo tsakanin zare da katod, ƙarfen da zaren ke ɗumamawa, na wani bawul. Hoto na kumbura yana dusashewa idan an ƙara haske: babbar wuta ta raunana, a mai bawul sauya DY87 ko 1B3, a mai tiransista zargi filaibak.

Hoto na birgima sama ko ƙasa kawai, sashen tsaye ne. Ya kekkece zuwa layuka a karkace, sashen layi ya kauce daga bugunsa, 15,625 a daƙiƙa a tsarin layi 625, ko 15,734 a tsarin Amurka mai launi. In duka biyun sun rikice tare, kada a taɓa maɓallan riƙewa, masu tsayar da hoto wuri ɗaya, laifin yana wurin da ake tsamo bugun daidaitawa daga sigina.

Launi da ƙaramin fanel na wuyan kwalba

Tiransista uku ne a nan, na ja, kore da shuɗi, suna cin volt 180 zuwa 200. Fuska ta yi fari fat da siraran layuka a karkace: wannan wuta ta ɓace, duba rezistarta da kafasita mai µF 10 ko 22 da volt 250. Auna katod uku, su kasance kusa da juna, wajen 120 zuwa 170. Wanda ya faɗi ƙasa, launinsa zai mamaye fuska. Wanda ya tsaya a sama kusa da 200, launinsa zai ɓace. Don sanin ko kwalba ce ko fanel, kashe, ka raba ƙafar katod ɗin da ake zargi daga fanel, ka kunna na ɗan lokaci. Launin ya ɓace, laifin fanel ne. Ya ci gaba da mamayewa, shot ɗin yana cikin kwalba.

Tabon launi a kusurwa, kamar shunayya ko kore, maganaɗisu ne. Nisantar da lasifika, duba PTC da dalmarsa, a bar talabijin ta huce minti ashirin kafin a sake kunnawa, domin PTC ba ya aiki sai da sanyi. Zobban da ke wuyan kwalba an saita su tun daga masana'anta, kada a taɓa su.

Hoto dishi-dishi da safe, ya washe bayan rabin awa: danshi ya ci soket ɗin kwalba. Zare shi a hankali a miƙe, za ka ga koren tsatsa a ƙafar FOCUS. Sabon soket ne maganinsa, murɗa maɓalli ba ya warkar da shi. Tsss da wari mai kaifi kuwa babbar wuta ce ke tsiyaya. Sauke caji, wanke hular da kewayenta da sifirit, bari ya bushe sarai, shafa man silikon.

Kwalbar da ta tsufa tana jinkirin haske, fararen wurare na yin ƙyalli kamar azurfa idan an ƙara haske, fokas kuma ba ya zama. Ƙara wa zare wuta na farfaɗo da ita na ɗan lokaci, amma yana gaggauta ƙarshenta, don haka sai an tabbatar duk wutar da ke ƙafafunta daidai take kafin a yanke mata hukunci.

Bayan kowane gyara, cire ƙwan fitila, maida soket ɗin wayar goge maganaɗisu, ka saita B+ da hoto a fuska, haske a tsakiya. Bar talabijin ta yi aiki awa biyu kana kusa, ka sake auna B+ da zafinta: bai kamata ya kauce da fiye da volt ɗaya ko biyu ba. Ƙwanƙwasa fanel a hankali da mariƙin roba, in hoto ya motsa, akwai sauran dalmar da ba a gano ba.